Bessie Coleman: Mai gyaran farcen da ta tsallaka teku ta karɓo lasisin tuƙa jirgin sama

Duk wanda ya taɓa zama a Samaru ko Palladan ya san ƙarar nan. Da hantsi kana tsaye a bakin titi kana jiran motar Sabon Gari, sai ka ji ɗan ƙaramin jirgi ya bi ta kanka, ya yi kwana, ya yi ƙasa kamar zai sauka, ya sake cirawa sama. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ne, wadda duk Zariya ake ce wa Aviation, suke gwajin tashi da sauka. Tun 1964 kwalejin take a wurin, har manya sun daina ɗaga kai. Yara ne dai har gobe sai sun duba.

A 'yan shekarun nan kuma hotunan matasanmu cikin farar riga mai igiyoyi a kafaɗa sun yawaita a Instagram da TikTok. Wannan ya gama a Afirka ta Kudu, waccan ta gama a Amurka. Bayan an sha ruwan addu'a da sambarka, tambayar da takan biyo baya ita ce ko lasisin da aka samo a wata ƙasa yana aiki idan an dawo gida. To, akwai matar da ta yi irin wannan tafiya fiye da shekara 100 da suka wuce, tun jirgin sama bai taɓa sauka a Kano ba. Sunanta Bessie Coleman, kuma ita dole ce ta fitar da ita, domin a ƙasarta babu makarantar da ta yarda ta karɓe ta.

Daga gonar auduga zuwa shagon aski

An haifi Bessie ranar 26 ga Janairu, 1892, a wani ɗan gari mai suna Atlanta a jihar Texas da ke kudancin Amurka. Ita ce ta 10 cikin 'ya'ya 13 na George da Susan Coleman. Uwar baƙar fata ce, uban kuma yana da jinin baƙar fata da na 'yan asalin Amurka, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Shekara 27 kacal ke nan da haramta bauta a lokacin, kuma abin da ya maye gurbinta a kudu bai fi ta da wani abin kirki ba. Baƙar fata zai noma gonar farar fata a kan a raba amfani, ƙarshen shekara a buga lissafi a ce ma shi ake bi bashi. Tana 'yar shekara biyu iyalin suka koma garin Waxahachie, inda auduga ce komai.

Wanda ya tashi a wajejen Zariya ko Funtuwa ba sai an yi masa bayanin cirar auduga ba: rana a ka, buhu a baya, ƙwanso yana sukar yatsu. Da kaka ta yi sai karatu ya tsaya, yara su nufi gona. Sauran watannin kuwa Bessie takan taka wajen kilomita 6 zuwa makarantar baƙaƙen fata mai aji ɗaya tal. Yarinya ce mai son karatu, kuma a lissafi ta fi ƙarfi.

A 1901 uban ya gaji da wulaƙancin Texas, ya tafi yankin Oklahoma neman sa'a. Uwar ba ta bi shi ba. Ta kama aikatau a gidan fararen fata, Bessie kuma ta zama uwar ƙannenta, tana haɗawa da wanki da guga. Da abin da ta tara ta shiga wata kwalejin baƙaƙen fata a garin Langston tana da shekara 18. Zango ɗaya ta yi kuɗin suka ƙare, ta dawo gida ta ci gaba da wankin kayan mutane. Wannan ɓangaren labarin kam, ɗalibai da yawa a Samaru sun san shi ba a littafi ba.

A 1915, tana da shekara 23, ta bi sahun dubban baƙaƙen fata da ke gudu daga kudu zuwa biranen arewa. Ta sauka Chicago wajen yayyenta maza, ta koyi gyaran farce, ta sami wurin zama a wani shagon aski mai suna White Sox. Shagon aski kuwa, ko a Sabon Gari ko a Chicago, majalisa ce. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, sojoji suna dawowa daga Faransa, hirar shagon duk ta koma ta jiragen yaƙi da matuƙansu. Yayanta John yana cikin waɗanda suka je Faransa, kuma ya mayar da abin tsokana. Yakan zo shagon ya yi ta yi mata gori cewa matan Faransa har jirgi suke tuƙawa, ita kuwa a kan farcen mutane za ta ƙare.

Gorin nasa yana da tushe. Tun ranar 8 ga Maris, 1910, wata Bafaranshiya mai suna Raymonde de Laroche ta zama mace ta farko a duniya da ta sami lasisin tuƙa jirgi. Akwai kuma wani baƙar fatar Amurka, Eugene Bullard, da ya tuƙa wa Faransa jirgin yaƙi a 1917, alhali rundunar ƙasarsa ba ta ɗaukar irinsa a wannan aiki. Abin da John bai sani ba shi ne ƙanwar tasa ta riƙe maganar.

Ta fara neman makaranta. Ko'ina ta je amsa ɗaya ce. Ga ta mace, ga ta baƙar fata, ko ɗaya daga ciki ya isa a juya mata baya, balle duka biyun. Ka lura fa, babu wanda ya gwada ta ya ce ta faɗi. Bakin ƙofa ma ba a bari ta wuce ba.

Mutumin da ya nuna mata hanya shi ne Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, wadda ita ce babbar muryar baƙaƙen fata a zamanin. Shi ya ba ta shawara ta nufi Faransa. Sai dai tafiya Faransa tana buƙatar kuɗi da harshe, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Ta kama aiki na biyu a wani gidan abinci tana tara kuɗi, ta kuma shiga ajin Faransanci a makarantar Berlitz da ke Chicago. Abbott ya tallafa, wani baƙar fata mai banki, Jesse Binga, shi ma ya sa hannu a aljihu. A takardun tafiya ta rubuta cewa a 1896 aka haife ta, wato ta zaftare shekara huɗu. Ashe ba 'yan ƙwallonmu suka fara ba.

Wata bakwai a bakin teku

Ranar 20 ga Nuwamba, 1920, ta shiga jirgin ruwa daga New York. Makarantar da ta karɓe ta ita ce ta 'yan'uwan nan Caudron, a garin Le Crotoy da ke gaɓar teku a arewacin Faransa. Su Caudron maƙera jirage ne, makarantarsu kuma ta yi suna tun kafin yaƙi.

Kada ka kawo hoton jiragen da ke shawagi a Palladan a ranka. Jirgin da Bessie ta koya da shi, samfurin Nieuport, katako ne da ƙyalle da wayoyi, mai fukafukai hawa biyu, ga kan matuƙi a waje iska tana dukansa. Sanda ce a gabanka da kake juyawa da hannu, sai wani ƙarfe a ƙasa da kake takawa da ƙafa. Babu birki. Babu rediyo, kuma ƙarar inji ba ta barin malami da ɗalibi su ji juna, don haka da ido da motsin sanda ake koyo. Injin yakan mutu a sama ba sallama. A gaban idonta wani ɗalibi ɗan'uwanta ya faɗo ya mutu. Abin ya girgiza ta, amma ba ta haɗa kaya ba.

Ranar 15 ga Yuni, 1921, ta karɓi lasisinta mai lamba 18310 daga FAI, wato tarayyar ƙungiyoyin masu harkar jiragen sama ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1905. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta sami lasisin tuƙa jirgi. Amelia Earhart, wadda duniya ta fi sani, sai a 1923 ta sami irin wannan takarda. Jiragen farko da suka sauka a Kano kuwa, uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, sai ranar 1 ga Nuwamba, 1925 suka iso. Ka ga ke nan 'yar cirar audugar Texas ta riga su da fiye da shekara huɗu.

Ta ƙara wata biyu tana ɗaukar darasi a wajen wani gwanin matuƙi kusa da Paris, sannan a watan Satumba ta koma Amurka. 'Yan jarida suka tarbe ta a New York.

Takardar waje, jirgin gida

A nan ne tambayar da muka fara da ita take shigowa. Da Bessie ta sauka da takardar Faransa a jaka, wane ofishi ta kai ta domin a mayar da ita ta Amurka? Babu ko ɗaya. A 1921 gwamnatin tarayyar Amurka ba ta fara ba matuƙa lasisi ba tukuna. Ƙungiyar masu jirage ce ke bayar da takarda a ƙarƙashin FAI, don haka tata daidai take da ta kowane farar fata. Waɗanda suka hana ta shiga aji ba su da ta cewa a kan takardar.

Yau ba haka abin yake ba, kuma ya kamata duk mai wannan buri ya san bambancin kafin a sayar da fili a biya masa kuɗin makaranta. Ranar 7 ga Disamba, 1944, ƙasashe 52 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Chicago, garin da Bessie ta yi gyaran farce. Yarjejeniyar ce ta haifar da ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya mai hedikwata a Montreal. Ƙa'idar da ta shafe mu a ciki gajeruwa ce: dole lasisin matuƙi ya fito daga ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, ko kuma ita ƙasar ta amince da shi a hukumance.

Wato lasisi rajistar jirgi yake bi. In ka duba jikin jirgi za ka ga haruffa. Na Najeriya da 5N yake farawa, na Nijar da 5U, na Amurka da N. Mai lasisin Najeriya zai iya tuƙa jirgi mai 5N daga Kano har Yamai, babu wanda zai ce ya canja takarda. Amma ran da ya ce zai hau mai 5U a Maraɗi ya tuƙa, sai hukumar Nijar ta sa hannu. Haka wanda ya yi karatu a Amurka ko Afirka ta Kudu, in ya dawo Zariya, jirgin da zai tarar mai 5N ne, kuma ba zai ja shi a matsayin matuƙi ba sai da amincewar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.

Hanya biyu ce ake bi. Ko dai ƙasar ta ba ka takardar amincewa ta ɗan lokaci, wadda ke jingine da lasisinka na asali, in ya mutu ita ma ta mutu. Ko kuma ta ba ka nata lasisin gaba ɗaya, wanda shi ake nufi da sauya lasisi. A duka biyun, abu na farko da hukuma ke yi shi ne tuntuɓar wadda ta ba ka takardar ta tabbatar ba ta bogi ba ce. Sannan a duba littafin da kake rubuta sa'o'in tashinka, a duba takardar likita, a duba Turancinka, domin ICAO ta gindaya wa matuƙa aƙalla mataki na 4 a Turancin magana ta rediyo. Galibi kuma akwai jarrabawar dokokin sararin samaniyar ƙasar, da gwaji a sama tare da mai jarrabawa.

Kowace ƙasa da irin tsaurinta. Amurka tana da sauƙi ga mai lasisin tuƙi na ƙashin kai, wanda ake kira PPL: bayan hukumarsu ta FAA ta tantance, takan ba ka nata a kan na ƙasarka ba tare da sabuwar jarrabawa ba, sai dai dole ka riƙa tafiya da duka biyun. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, mai PPL na ƙasa irin tamu sai ya nuna sa'o'i 100 na tuƙi, ya rubuta jarrabawa biyu, ɗaya ta doka, ɗaya ta yadda jikin ɗan Adam da hankalinsa ke aiki a sama, ya kuma ci gwajin tuƙi.

Sai abin da hotunan Instagram ba sa faɗa. PPL matakin farko ne. Ana samun sa daga shekara 17, da sa'o'i 40 bisa ma'aunin ICAO, ko 35 ga wanda ya bi kwas da hukuma ta amince da shi, kuma yana ba ka damar ɗaukar 'yan'uwa da abokai ne kawai. Ba a biyan ka albashi da shi. Wanda ake cin abinci da shi, CPL, yana neman sa'o'i 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas da hukuma ta amince da shi. A ganina, tambaya mafi amfani da matashi zai yi kafin ya nemi biza ita ce wane lasisi makarantar take bayarwa, da kuma me NCAA za ta nema a wurinsa in ya dawo. Ita hukumar za ka tambaya, kada ka tsaya a bakin dillali.

Lasisi a hannu, babu jirgi

Mu koma 1921. Bessie ba ta sha wahalar sauya takarda ba, amma ta ci karo da abin da ya fi haka ciwo, wanda matuƙanmu da yawa suke fama da shi yau: ga lasisi, babu aiki. Jigilar fasinja ba ta kankama ba a Amurka. Abin da ke kawo kuɗi shi ne wasa da jirgi a gaban 'yan kallo, a bi gari-gari ana juyi a sama, ana tsalle da laima, mutane suna biyan kuɗin shiga. Wannan kuwa wani ilmi ne daban da wanda ta koyo. Ta nemi mai koya mata a Chicago, ba ta samu ba. Takardar Faransa ba ta canja launin fatarta ba.

Sai ta sake haɗa kaya. A watan Fabrairun 1922 ta koma Turai. Ta yi wata biyu tana kwas na gaba a Faransa, ta je Holan ta gana da Anthony Fokker, fitaccen maƙerin jirage, ta wuce Jamus ta ƙara samun horo. Wannan tafiya ta biyu ba a cika ba da labarinta ba, ni kuwa ita ta fi burge ni. Ta farko akwai gori da zuciya a ciki. Ta biyu kuwa ta mutumin da aka riga aka yi wa tafi ce, aka buga hotonsa a jarida, amma ya zauna ya gaya wa kansa gaskiya cewa abin da ya iya bai isa ba.

Ranar 3 ga Satumba, 1922, ta yi wasanta na farko a Amurka, a filin Curtiss kusa da New York, a wani biki na karrama tsofaffin sojojin runduna ta 369, ta baƙaƙen fata zalla, da suka yi yaƙi a Faransa. Bayan mako shida ta yi a Chicago, gaban 'yan'uwa da abokan hirar shagon aski. Daga nan aka laƙaba mata Sarauniya Bess. Ita kuwa burinta ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi ba: ta tara kuɗi ta buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi, domin kada wani baƙar fata ya sake tsallaka teku kafin a koya masa.

Kuɗin ne suka ƙi taruwa. Yawancin jiragen da take wasa da su na aro ne, tsofaffin jiragen horar da sojoji samfurin Curtiss JN-4 da ake wa laƙabi da Jenny, waɗanda aka yi gwanjonsu bayan yaƙi. Da ta samu ta sayi nata a California, bai daɗe a hannunta ba. A watan Fabrairun 1923, jim kaɗan da tashi, injin ya mutu, jirgin ya faɗo. Ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku, jirgin kuma ya tashi daga aiki. Ta yi watanni tana jinya, kuma sai a 1925 ta dawo wasa sosai.

Duk da wannan talauci, akwai kuɗin da ba ta karɓa. An taɓa ba ta babban matsayi a wani fim, ta amince da murna, tana ganin zai taimaka wa makarantar. Da ta gano cewa a fitowar farko za a sa mata tsumma, a ba ta sanda da ƙunshin kaya a baya, irin hoton da fararen fata ke son gani na baƙar fata, sai ta fice ta bar musu fim ɗinsu. Ba ta kuma yin wasa a wurin da aka hana baƙaƙen fata shiga. Da ta je garinsu Waxahachie, masu shirya taro sun so a yi ƙofa biyu, ta farare da ta baƙaƙe. Ta kafe sai ƙofa ɗaya, kuma haka aka yi, ko da yake a ciki wurin zama a rabe yake. Wani zai ce ai wannan ƙaramar nasara ce. A Texas ta 1925 ba ƙarama ba ce.

Tsakanin wasa da wasa takan bi coci-coci da makarantu da gidajen kallo tana lacca, tana nuna hotunan tashin da ta yi. A Orlando ta jihar Florida har shagon gyaran gashi ta buɗe don ta cika kuɗin wani jirgin. Mace mai lasisin ƙasa da ƙasa, shekara biyar bayan Le Crotoy, ta koma sana'ar da ta baro.

Jacksonville

A ƙarshe ta sayi wata tsohuwar Jenny a Dallas. An shirya mata wasa a Jacksonville ranar 1 ga Mayu, 1926, don haka makanikenta, William Wills, saurayi ɗan shekara 24, ya tuƙo jirgin daga Texas. Sau uku yana saukar dole a hanya saboda matsalar inji. 'Yan'uwa da abokai sun nuna mata ba su yarda da jirgin ba. Amma shi ke gare ta.

Da safiyar 30 ga Afrilu suka tashi gwaji. Wills ne ke tuƙi, ita tana kujerar baya. Ba ta ɗaura bel ba, domin washegari za ta yi tsalle da laima, tana so ta leƙa ta gefen jirgin ta ga filin da za ta dira. Wajen minti 10 da tashi, suna sama da kusan mita 900, jirgin ya sunkuya ya fara juyawa. A wajen mita 600 ya wurgo ta. Nan take ta rasu. Wills bai iya shawo kan jirgin ba, shi ma ya mutu da ya faɗi, tarkacen kuma ya kama da wuta. Da aka bincika, sai aka tarar da sifana da aka bari a ciki, ita ce ta zame ta maƙale a kayan sarrafa jirgin. Bessie tana da shekara 34.

An yi mata addu'o'i a Florida, sannan aka kai gawar Chicago, inda mutane kusan 10,000 suka fito. Ida B. Wells, 'yar jaridar nan da ta shafe rayuwarta tana yaƙi da kisan gillar da ake wa baƙaƙen fata, tana kan gaba a taron. A maƙabartar Lincoln aka binne ta.

Kwana 20 bayan rasuwarta, ranar 20 ga Mayu, 1926, shugaban Amurka ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon ba matuƙa lasisi da kuma duba lafiyar jirage kafin su tashi. Lasisin farko ya fita a watan Afrilun 1927. Ke nan Bessie ta rayu ta mutu ba ta taɓa riƙe lasisin ƙasarta ba, na Faransa ne kaɗai.

Makarantar da ta yi ta tara wa kuɗi ba ta gan ta ba. A 1929 wani injiniya baƙar fata, William Powell, ya buɗe ƙungiyar koyon tuƙin jirgi da sunanta a Los Angeles. A 1992 Mae Jemison, mace baƙar fata ta farko da ta je sararin samaniya, ta tafi da hoton Bessie a cikin kayanta. Amurka ta sa fuskarta a kan sarki a 1995, ta kuma buga ta a jikin kwabbanta a 2023. A nan gida kuwa, Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, ba sai da ta tsallaka teku ta fara koyo ba. A Zariya ta yi karatu, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci kwalejin.

A 1931 matuƙa baƙaƙen fata na Chicago suka fara wata al'ada. Sukan tashi da jiragensu su bi ta saman maƙabartar Lincoln, su yi ƙasa-ƙasa, su saki furanni a kan kabarinta.